Alkamar Daji da Gubar Ƙasa: Iri Za a Gyara, ko Gona?

A kudancin Tekun Kasfiya, can arewacin Iran, akwai wata ciyawa da ke fitowa a gefen hanya da bakin gonaki, wadda manomin wurin ba ya ko waiwayarta. Gajera ce, zangarniyarta siririya, da ta nuna sai ta kakkarye gaɓa-gaɓa ta zube ƙasa. Masana tsirrai suna kiranta Aegilops tauschii, wasu kuma ciyawar awaki. Wanda ya san shibra a gonar gero zai gane halinta nan take: 'yar'uwar amfanin gona ce ta jini, sai dai ba ta taɓa yarda da tarbiyyar manomi ba. Wannan ciyawa ce ta ba alkamar burodi kashi ɗaya cikin uku na gadonta, lokacin da ta yi barbara da wata tsohuwar alkamar noma shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Duk wanda ya karya da gurasa ko ya ci alkaki a gidan biki, ya ci daga zuriyarta.

Yanzu masana sun koma gidan wannan ciyawa da sauran danginta na daji suna neman taimako. Cikin abubuwan da suke nema har da ƙwayoyin gado da ke ba shuka juriyar zama da ƙarafa masu guba a cikin ƙasa, irin su kadmiyom da dalma. Wasu na ganin wannan bincike shi ne hanya mafi sauƙi ta kare tukunyar talaka. Wasu kuma na cewa an bar jaki ana dukan taiki, domin gona ce ta lalace, iri bai yi laifin komai ba. Na daɗe ina juya maganar nan, kuma kowane ɓangare yana da abin da ya kamata a saurara.

Kafin a shiga gardama, ya kamata a san abokin gaba. Kadmiyom ƙarfe ne da jikin mutum ba ya buƙata ko kaɗan. Idan ya shiga, yakan tare a ƙoda, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Mutanen lardin Toyama na ƙasar Japan sun ga ƙarshen abin da yake iya yi. Ruwan da ke fitowa daga mahaƙar Kamioka ya gurɓata kogin Jinzu, manoma suka yi ta ban ruwan shinkafa da shi, suka ci shinkafar shekara da shekaru. Ƙodar mutane ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi har suna karyewa da ɗan motsi kaɗan, kuma yawancin waɗanda abin ya fi kamawa mata ne da suka manyanta bayan haihuwa da yawa. An sa wa cutar suna itai-itai, wato kukan da maras lafiyan ke yi saboda zafin ciwo. A 1968 gwamnatin Japan ta amince a hukumance cewa kadmiyom ne sanadi. Abin da ya fi tsorata ni a labarin nan shi ne shinkafar ta ci gaba da fitowa, ana girbe ta, ana dafawa. Babu wanda zai kalli tuwonta ya ce akwai mutuwa a ciki.

Masu goyon bayan komawa daji suna da hujja guda da ta fi sauran ƙarfi, kuma ta fito ne a 2019, lokacin da ayarin masana daga ƙasashe da dama suka kammala karanta rubutun gadon alkamar durum, wato alkama mai tauri da ake yin taliya da kuskus da ita. An daɗe da sanin cewa durum ta fi alkamar burodi tara kadmiyom a tsabarta, kuma wasu ire-irenta sun fi wasu nesa ba kusa ba. A wannan aiki ne aka kama ƙwayar gadon da ke da alhaki, mai suna TdHMA3-B1. Ga yadda take aiki. Saiwar shuka an gina ta ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kuma kowane ɗaki yana da ɗan rumbu a cikinsa. Ƙwayar gadon nan ita ke samar da mai gadin da ke kama kadmiyom da zarar ya shigo saiwa, ya jefa shi cikin rumbun ya rufe. Gubar da aka kulle a saiwa ba za ta hau kara ba, balle ta isa zangarniya. A cikin ire-iren durum masu yawan guba, wasu haruffa 17 na rubutun sun maimaitu bisa kuskure, mai gadin ya daina aiki, ƙofa ta zauna a buɗe.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne inda aka sami lalatacciyar ƙwayar da inda ba a same ta ba. A cikin kakar durum ta daji, wadda ake kira emmer ta daji, ba a ga lalatacciyar ba a duk ire-iren da aka bincika. Ta fara bayyana ne a emmer ta noma, ta yi ta ƙaruwa har ta yawaita a durum ta zamani. Ma'ana, a hannun manomi da mai kyautata iri ne alkama ta yi asarar wannan kariya, ba tare da kowa ya sani ba, domin ana zaɓen iri ne da abin da ido ke gani: girman tsaba, yawan buhu, ƙin zubewa. Masu wannan ra'ayi sai su yi tambaya: idan an yar da wannan a hanya, wane ne ya san sauran abin da aka yar? Ita wannan emmer ta daji tana nan har yau a duwatsun Falasɗinu da Isra'ila da Labanan da Siriya da kudu maso gabashin Turkiyya, inda ta shafe dubban shekaru tana fama da ƙasa iri-iri ba taki ba ban ruwa. Masanin tsirrai Aaron Aaronsohn ne ya gano ta a yankin Galili a 1906, kuma tun a lokacin ya yi hasashen za ta amfani masu kyautata iri.

Alkamar burodi ma gadonta ya fi haka ƙunci. Ciyawar awaki kaɗan ce ƙwarai ta shiga wancan auren na farko da ya haifi alkamar burodi, saboda haka kason da alkama ta gada daga gare ta ɗan tsagi ne kawai na abin da dangin ke da shi. Kamar a ce gari guda ne aka ɗauki mutum biyu ko uku daga cikinsa, aka ce su ne wakilan duk sana'o'in garin.

Sannan suna da shaidar cewa hanyar tana ɓullewa. A Ostareliya, Rana Munns da abokan aikinta sun ɗauko wata ƙwayar gado mai suna Nax2 daga einkorn, tsohuwar alkamar da kusan an daina nomanta, suka shigar da ita cikin durum ta hanyar barbara ta gargajiya. Aikin ƙwayar shi ne cire gishiri daga ruwan da ke hawa zuwa ganye. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna ƙarin amfani har kashi 25 cikin 100 a gona mai gishiri. Kafin nan, a 2006, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis tare da takwarorinsu na Haifa sun gano ƙwayar Gpc-B1 a emmer ta daji, wadda ke ƙara furotin da zinki da sinadarin ƙarfe a tsaba da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A cibiyar CIMMYT ta Meziko kuwa, tun shekarun 1980 ake sake ɗaura wancan tsohon aure da hannu, ana haɗa durum da ciyawar awaki don a buɗe wa alkama sabuwar ƙofa zuwa danginta. Daga irin wannan haɗi ne aka sami Chuanmai 42, wadda aka fitar wa manoman lardin Sichuan na ƙasar Sin a 2003. Idan an yi da gishiri, an yi da zinki, me zai hana a yi da kadmiyom?

Hujjarsu ta ƙarshe ta tausayi ce, kuma ita ta fi taɓa ni. Wanke ƙasa aiki ne mai tsadar gaske. Japan, da duk arzikinta, ta shafe fiye da shekara 30 tana kwashe gurɓatacciyar ƙasar gonakin kogin Jinzu tana zuba sabuwa, sai a 2012 ta kammala. Gwamnatin Sin ta bayyana a 2014 cewa kashi 19.4 cikin 100 na wuraren da ta auna a ƙasar noma sun wuce ƙa'idar gurɓata, kuma kadmiyom ne kan gaba. Wace gwamnati ce za ta kwashe ƙasa mai wannan faɗi? Ga kuma wuraren da babu wanda za a kama da laifi, domin kadmiyom ɗin daga dutsen da ƙasar ta samo asali yake, kamar wasu filayen noman durum na Kanada da arewacin Amurka. Wani kuma yana shigowa a hankali cikin takin zamani na fosfat, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade yawansa a cikin taki. Manomin da ke kan irin wannan ƙasa ba zai iya sauya gona ba, amma zai iya sauya iri, kuma buhun iri mai kulle guba a saiwa ba ya buƙatar injiniya ko kotu.

To, ga ɗaya ɓangaren.

Maganarsu ta farko tana kan kalmar juriya kanta, kuma a nan ne nake ganin duk muhawarar ta rataya. Shuka mai jure guba da shuka mai hana guba isa tsaba ba abu ɗaya ba ne. Shuka tana da dabaru da yawa na kare kanta. Tana iya samar da wasu sinadarai da ke ɗaure ƙarfen su kashe masa kaifi, kamar waɗanda ƙwayar TaPCS1 ke haɗawa, wadda aka gano a alkama a 1999. Tana iya tura shi cikin ganye ta ajiye. Duk waɗannan suna ceton shukar, ta tsaya kore shar a ƙasar da wata za ta ƙone. Amma shukar da ta rayu a kan guba mai yawa tana iya tara guba mai yawa, ta miƙa wa mai cin tsabar, ta miƙa wa dabbar da za a ba karan. Kyan ɗan maciji ke nan. Alkamar da ta yi rawaya ta tsumbure a mummunar ƙasa, aƙalla ta gargaɗi manomi. Wadda aka koya wa juriya ta rufe bakin gargaɗin, kuma shinkafar Toyama ta riga ta nuna mana inda hakan ke kaiwa.

Daga nan sai su juya kan irin binciken da ake yi. Da yawan rahotannin da ke fitowa kan dangin alkama na daji da ƙarafa masu guba, a ɗakin gwaji suke farawa, a can kuma suke ƙarewa. Ana shuka tsiro a cikin ruwa ko tukunya, a zuba masa kadmiyom mai yawan da ba kasafai ake samu a gona ba, bayan 'yan kwanaki a tsige shi a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka. Wannan ilimi ne, ba a raina shi. Amma ƙwayar gado ta farka ba ya nufin ita ce ke kare shukar, kamar yadda ganin mutum a wurin gobara ba ya nuna shi ne mai kashe ta. Kuma tsiron da bai kai ga fitar da zangarniya ba, ba zai faɗa wa kowa abin da zai shiga tsaba ba.

Ko an sami ƙwayar kirki, ɗauko ta wani aiki ne. Dangin daji ba sa ba da kyauta ita kaɗai, sai sun haɗa da kayansu: zubewar tsaba, ƙaiƙayi mai mannewa, ƙarancin amfani. Masu kyautata iri sun sha wannan. Ƙwayar Lr19 mai kare alkama daga tsatsar ganye, da aka ɗauko daga wata ciyawar daji, ta zo manne da wata da ke sa gari ya yi rawaya, aka yi shekaru ana ƙoƙarin raba su. Sannan ƙofofin da guba ke bi su ne ƙofofin da abinci ke bi. Kadmiyom yana shiga shuka ne ta hanyar zinki da manganis da sinadarin ƙarfe, domin ya yi kama da su. A Japan an samar da shinkafa mai suna Koshihikari Kan 1 ta hanyar toshe ƙofar da ake kira OsNRAMP5, kadmiyom ya kusa ɓacewa daga tsabarta, amma manganis ma ya ragu ƙwarai, abin da ke sa shinkafa saurin kamuwa da ciwon ɗigon ganye a ƙasa maras ƙarfi. A ƙasashen da yara ke fama da ƙarancin zinki, toshe irin wannan ƙofa ba tare da lura ba zai iya gyara wani ciwo ya buɗe wani.

Suna da wata hujja mai kaifi daga Kanada. A 2004 cibiyar binciken noma ta Swift Current da ke lardin Saskatchewan ta fitar da durum mai suna Strongfield, mai ƙarancin kadmiyom, ta kuma mamaye gonakin durum na ƙasar cikin 'yan shekaru. Wannan ya faru shekara 15 kafin a san sunan ƙwayar gadon, kuma ba daga daji aka ɗauko halin ba, yana nan cikin wasu ire-iren durum na noma. Abin da ya motsa Kanada shi ne kasuwa da doka: ma'aunin abinci na duniya ya tsayar da miligiram 0.2 a kowane kilo na alkama, masu saye a Turai suna aunawa, har ma Tarayyar Turai ta sauko da nata a 2021 zuwa 0.18 ga durum da 0.10 ga sauran alkama. Inda ake awo, iri mai kyau yakan samu. Inda ba a awo, ko an kawo shi babu mai tambayarsa.

Sai kuma maganar jaki da taiki, wadda ba sai mun je Japan ba kafin mu fahimce ta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ce, daga dutsen zinare da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa ta bi tsakar gida da hannun yara da kwanon abinci. Babu wata ƙwayar gado a duniya da za ta ceci yaran nan. Abin da ya ceci sauran shi ne kankare ƙasar gidajen a zuba mai tsabta, da magani, da fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Dalma ma dai yawancinta a saiwa take tsayawa, ta fi shiga abinci ta hanyar ƙura. Tsoron masu wannan ra'ayi shi ne ranar da za a ce an sami alkama mai zama lafiya a gurɓatacciyar ƙasa, mai masana'antar da ke sakin dagwalo cikin kogi zai sami abin fakewa, hukuma kuma ta sami dalilin kau da kai.

Ni a nawa nazarin, masu suka sun yi gaskiya a kan kalmar juriya, kuma ya kamata a daina yaba wa shuka don kawai ta rayu. Ma'aunin da ya dace guda ne: nawa ne ya isa tsaba, nawa ne ya isa kara, a gona ta gaske, cikin damina ko rani fiye da ɗaya, tare da auna zinkin da ya rage. Duk binciken da bai kai nan ba, rabin hanya ya tsaya. Sun kuma yi gaskiya cewa iri ba ya wanke ƙasa. Kadmiyom ɗin da aka kulle a saiwa yana nan a gonar bayan girbi, yana jiran shuka ta gaba.

Amma ban bi su har inda suke cewa a bar daji ba. Labarin Kanada, in an duba da kyau, bai rushe hujjar masu neman dangin daji ba. Halin da Strongfield ta ɗauka shi ne halin asali na emmer ta daji, wanda wasu ire-iren noma suka yi sa'ar riƙewa. Sa'a ce ta sa bai ɓace gaba ɗaya ba, kuma ba kowane hali ne zai yi wannan sa'ar ba. Ita kuma TdHMA3-B1 tana cikin irin juriyar da muke so, wadda ke kare shuka da mai ci a lokaci guda, kuma a daji ne aka ga cikakkiyar surarta. Batun fakewar masu gurɓata ruwa kuwa, aikin doka ne ta hana su, kuma hana talaka iri mai aminci ba zai sa su tuba ba. Iyalin da gonarsu ke kan ƙasa mai kadmiyom za su ci abin da suka noma a bana, ko an fara wanke ƙasar ko ba a fara ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa jinkiri ke da haɗari. Dangin alkama na daji suna zaune ne a yankin da yaƙi da kiwo da gine-gine ke cinyewa. Cibiyar binciken noma ta ICARDA ta ajiye ɗaya daga cikin manyan taskokin irinsu a kusa da Halab, yaƙin Siriya ya raba ma'aikata da wurin. Abin da ya cece su shi ne kwafin da suka riga suka aika rumbun iri na Svalbard a ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008. A 2015 suka zama na farko da suka karɓo ajiyarsu daga can, suka sake shukawa a Labanan da Maroko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciyawar da ba a tattara an bincika yau ba, wataƙila ba za a same ta ranar da za a buƙace ta ba.

Mu ma maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje take zuwa, saboda haka ƙasar da aka noma ta da irin da aka shuka can suna ƙarewa ne a cikin burodi da taliyar 'ya'yanmu. Sannan ana ta ƙoƙarin faɗaɗa noman alkama na rani a Kano da Jigawa da sauran jihohin arewa, a daidai lokacin da kowa ya san abin da masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai suka daɗe suna saki cikin ruwa, da kuma lambunan da ke sha daga kogin Jakara.

Kirana ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin kyautata irin alkama ke wuyanta, da jami'o'inmu masu sassan noma, shi ne duk sabon irin da za a ba manomi a auna ƙarafan da ke cikin tsabarsa kamar yadda ake auna yawan buhunsa, a kuma nemi ire-iren da aka riga aka san suna kulle guba a saiwa, daga daji suka fito ko daga gona. Hukumomin muhalli da na abinci su auna ruwan ban ruwa da alkamar da ke sauka a tashar jiragen ruwa, su buga sakamakon kowa ya gani. Kai kuma manomin rani, kafin ka jefa iri a bana, ka bi ruwan da za ka shayar da gonarka ka ga daga inda ya fito.